Sikelin Baba

Wasiƙar ta iso da tsakar zafin Afrilu,
ƙarfe biyu na rana, fanka ta tsaya cak.
Ina ofishin kamfanin siminti a Kalambaina,
ina lallashin wata na'ura da ta ƙi fitar da rasit.
Na karanta sau uku. Sun ɗauke ni.
Su ɗin nan dai, masu tambarin da ke haskawa
a fuskar wayoyi daga Gawon Nama har Illela.
Sai a layi na tara na iske albashin:
ya gaza nawa da kashi ɗaya cikin uku.
Tulu mai kyan zane, ruwan bai kai wuya ba.

Shekara shida ke nan a wannan kujera.
Ni ce mai gyara idan allo ya daskare,
ni ake bugo wa waya ko ranar Sallah.
Ba wanda ya taɓa tambayar abin da nake rubutawa
bayan isha'i, da guntun cajin da ya rage.
Can kuwa sun tambaya. Awa biyu suna tambaya.
Wata mata mai furfura ta duba aikina layi-layi
ta ce, nan kin yi kuskure, nan kuma kin burge ni.
Na fita waje na yi kuka a bayan janareta,
ban san na wanne ba ne cikin biyun.

Da dare na baje lissafi bisa tabarma.
Maganin hawan jinin Inna, wata-wata.
Kuɗin makarantar Haliru, saura shekara biyu.
Adashin da na karɓa, ban gama zubi ba.
Hayar ɗaki a Legas, wadda ko faɗinta
sai da na sha ruwa.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa,
biro ya ƙi yi mini ƙarya.

Suna ba ya shiga tukunya, in ji Gwaggo Ige.
Abokin aikina Tukur ya ce, ke dai tafi,
shekara biyu can, duniya za ta san ƙofarku.
Shi da ya faɗa, har gobe yana nan,
ya gina gida a Arkilla, ya sa ƙofar ƙarfe.

Ranar Asabar na bi Baba kasuwa.
Yana zaune gefen tsohon sikelinsa
mai ƙugiyar da tsatsa ta ci,
buhunan albasar Wurno jingine a bayansa.
Ya ce, Luba, mi yas same ki?
Na zayyana masa duka, har da layi na tara.
Bai ce uffan ba sai da ya sallami mutum biyu.

Sannan ya ɗauki guda, ya murza ɓawonta.
Wagga, in na saida ta yau, kuɗina na hannu.
In na aje ta cikin rudu har damina,
nauyinta raguwa zai yi, kuɗinta ya hau.
Wata shekara kuma ka buɗe, wari ya tarbe ka.
Na ce, to yaya ake ganewa, Baba?
Ya ce, ba a ganewa. Dubawa akai,
ko gidan na da abin ci kafin ruwa ya sauka.

Na dawo a keke mai ƙafa uku, hannuna na ƙamshin albasa.
Sun ba ni zuwa Alhamis.
Yau Talata. Na rubuta amsa biyu,
kowace na ajiye ta ban aika ba.
Inna na tsakar gida tana ƙirga ƙwayoyinta
cikin murfin kwano: goma sha ɗaya.
An kawo wuta. Fanka ta motsa,
ta kwashe takardun lissafina ta watsa tsakar ɗaki,
ni kuwa ina zaune, ban tashi tsincewa ba tukuna.